Wushiryar Umma

Ranar da ta fara ganinsa a kwance ta same shi, ƙafafu sama kai ƙasa, a kan kujerar da take wanke wa mutane haƙora. Kujerar tsohuwa ce mai taurin kai, in ta kwanta sai ta ga dama take tashi, shi ya sa Likita ya kira mai gyara. Shi kuma mai gyaran, don a san ya iya aikinsa, ya haye ya danna maɓalli da kansa. Kujera ta kwantar da shi ta yi shiru abinta.

"Sannu da hutawa, Injiniya," ta ce tana zura safar hannu.

"Ba hutawa nake ba, Sista, gwaji nake yi."

"To gwajin ya yi kyau?"

"Sosai ma. Na tabbatar ta lalace."

Ta yi dariya a bayan takunkumi, ta miƙa masa hannun kujerar ya kama ya sauko. Shi idanunta kaɗai ya gani, kuma daga baya ya sha rantsuwa cewa su ɗin ma sun ishe shi. Ita kuwa Allah ya jarabce ta da halin masu sana'arta, mutum na yi mata magana tana kallon haƙoransa. Ta ga wushirya siririya mai kyau, ta ga dattin shayi ya daskare a gindin haƙoran ƙasa, ta kuma ji zuciyarta ta yi wani abu da ba a koya musu a makaranta ba.

Gyaran da bai wuce na safiya guda ba sai ga shi ya ƙi ƙarewa. Yau ya ce waya ce ta ƙone, gobe ya ce ya manta sifana a ƙarƙashin teburi. Da dabaru suka ƙare masa sai ya zo da sabuwa.

"Sista, ni ma a sa ni a layi mana. Ki wanke min haƙoran nan."

Ta ajiye tiren kayan aiki ta dube shi. "Zaɓi ɗaya za ka yi. In ka kwanta a kujerar nan a matsayin majiyyacina, to tsakanina da kai daga 'buɗe baki' sai 'kurkure'. Ba hira, ba lambar waya. Mu ba ma haɗa aikin nan da wani abu."

"In kuma ina son hirar fa?"

"Sai ka je ɗaki na gaba, wurin Anti."

Anti ita ce babba a cikin masu wankin haƙori na asibitin, mace mai gaskiya da nauyin hannu, wadda a bayan idonta ake kira Anti Guduma. Ya shiga yana taƙama, ya fito idanu jajur yana dafe da muƙamuƙi. Da yamma saƙonsa na farko ya shigo wayarta:

"Na sha wuya saboda ke yau, Zumata. In wannan bai isa shaidar so ba, gobe ma zan koma wa Anti."

Ta amsa: "Sannu, Injiniyana. Amma ka sake min suna, zuma tana cin haƙori."

"Ta cinye su duka. Ai ina da mai gyara."

Haka soyayya ta kankama, a bencin gaban asibiti bayan an tashi aiki, da falon gidansu inda Innarta ke wucewa da tsintsiya ba gaira ba dalili don ta ƙare masa kallo. Inna ta yaba da hankalinsa, musamman da ya gyara mata fankar da ta shekara tana kuka. Komai ya tafi daidai har ranar da ya ce lokaci ya yi da za ta je ta gaida iyayensa.

"Za ki so Ummana," ya ce yana laluben hoto a waya. "Ke da kike son haƙora, zo ki ga ikon Allah. Da girmanta da komai, ko ɗaya bai taɓa girgiza ba. Wushiryar nan tawa a wurinta na gada. Abba har gobe cewa yake wushiryar ce ta sa ya aure ta."

Ta karɓi wayar ta dubi hoton.

Ta san matar nan. Hajiyar da kullum take karɓar layin farko da sassafe ce, wadda ke shigowa da baƙin tabarau da takunkumi, ba ta zama sai an rufe ƙofa an ja labule. Haƙoranta na gaba na sama duk na roba ne, an yi su da kyau ƙwarai, har wushiryar sai da ta sa aka mayar mata yadda take. Ita ce da hannunta take karɓar su ta sa a ɗan kwanon ruwa, ta wanke sauran na Allah, ta duba dasashin, ta mayar mata.

"Ba ki ce komai ba," ya ce.

"Masha Allah," ta ce. "Murmushinta yana da kyau." Wannan dai ba ƙarya ta yi ba.

Ranar gaisuwar ta durƙusa a falonsu ta gaida Umma kamar yau ta fara ganinta a duniya. Umma ta fito da fara'arta, tana haɗa ido da baƙuwar fara'ar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta ce kanta na ciwo ta shige ɗaki. Abba ne, tsohon malamin makaranta mai son barkwanci, ya yi ta jan baƙuwa da hira don kar abin ya yi muni.

Kafin ta isa gida hukunci ya fito. Umma ta ce yarinyar ba ta kwanta mata ba. Da aka tambayi dalili ta ce ita ta haife shi, ba shi ya haife ta ba. Daga ranar kuma 'yar wata ƙawar Umma, mai shagon turare, ta fara sintiri a gidan, yau ta kawo wa Umma turaren ɗaki, gobe ta kawo rediyon da lafiyarsa ƙalau ta ce Injiniya ya duba mata.

Sista fa ta san dalilin sarai, kuma abin da ya fi ci mata rai kenan. Jimla ɗaya za ta faɗa masa komai ya warware, ya yi dariya, ya je ya lallashi mahaifiyarsa. Amma jimlar ba tata ba ce. Ta yi kuka a ɗakin wanke kayan aiki, inda ƙarar injin tafasa ƙarafa ke rufe wa mutum asiri. Washegari ta je ta roƙi Anti ta karɓi kulawar Hajiyar layin farko daga yanzu, ta ce akwai wata alaƙa da ta shiga tsakani wadda ba ta dace da aiki ba. Anti ta dube ta ta saman tabarau, ba ta tambayi komai ba ta ce, "Na karɓa."

Ko Innarta ba ta samu komai daga bakinta ba.

"Ke 'yar nan, in kin san abin da ya sa matar nan ta ƙi ki, ki faɗa mana a san inda za a ɓullo."

"Inna, ki dai taya ni da addu'a."

"Addu'a kam ina yi. Amma zurfin cikin nan naki ban san inda kika samo shi ba, ni dai ba ni da shi."

Sai mai shagon turare ta ƙara wa wutar itace. Shagonta a titin asibitin yake, ta ce wa Injiniya ai ita ta taɓa hango wata kamar Umma ta fito daga wurin tana sauri, fuska a rufe, ya tambayi budurwar tasa irin rashin kunyar da ta yi mata. Ya tambayi Umma, Umma ta yi masa murmushi mai wushirya ta ce, "Ni? Me zai kai ni asibitin haƙori?" Sai ya zo ya tsare Zumarsa a benci.

"Ki gaya min gaskiya. Kin taɓa haɗuwa da Umma a wurin aikinku?"

"Ba na iya ce maka wane ya taɓa zuwa wurinmu, ba na kuma iya ce maka bai taɓa zuwa ba. Ko maƙwabcinka ka tambaya, amsar kenan."

"Ni ba maƙwabcina na tambaya ba. Aurenmu fa ake magana."

"Na sani."

"Kin sani, kuma kin zaɓi ki mayar da ni bare."

Ya tashi ya tafi bai waiwayo ba. Saƙonnin safe suka ɗauke. Ta rubuta masa: "Injiniyana, ban yi wa kowa laifi ba, kuma ban daina sonka ba. Iyakar abin da zan iya faɗa kenan." Ta ga alamar ya karanta, amsa ba ta zo ba.

Ana cikin haka, wata safiya Anti ta tafi taron ƙara wa juna sani, sai ga Hajiyar layin farko ta faɗo asibiti ba tare da an sa mata rana ba, hannu dafe da takunkumi. Ƙashi ta tauna a nama, haƙoran roba suka tsage, gefen tsagin ya yanke ta a dasashi. Da ta ga wadda ke tsaye a ɗakin sai ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, sannu," ta ce a natse. "Na riga na mayar da kulawarki hannun Anti, don ki fi sakewa, sai dai yau ba ta nan. Gyaran haƙoran aikin Likita ne, shi zai yi. In kin yarda ni zan wanke miki ciwon kafin ya gama. In ba ki yarda ba ki zauna ki jira shi, ba komai."

Zafi ba ya barin mutum ya yi fushi yadda yake so. Umma ta hau kujera. Likita ya leƙo ya duba, ya ɗauki haƙoran a kwano ya wuce ɗakin gyara, ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ita kuma ta kwantar da kujera, ta wanke yankan a hankali da ruwan magani, ba ta ce uffan ba a kan abin da ya shafi gida. Da ta gama ta danna maɓalli don ta tayar da ita.

Kujera ta ce ba ta san zancen ba.

Ta danna, ta sake dannawa, kujera ta yi wani gurnani ta mutu. Da ƙyar ta tallafi Umma ta sauko da ita kan 'yar kujerar gefe. Abin da ba ta sani ba, matar da ke karɓar baƙi a bakin asibitin ta jiyo gurnanin, kuma don ta nuna himma tuni ta buga wa mai gyara waya. Shi ko yana nan kusa. Ba a jima ba suka ji an ƙwanƙwasa, suka ji muryar da dukansu biyu suka fi sani a duniya.

"Mai gyaran kujera ne."

Umma ta zaro ido, ta toshe baki da hannu biyu. Ɗakin ƙofa ɗaya gare shi, tagar kuma ko kyanwa sai ta rage ciki. Sista kuwa ba ta tsaya tunani ba, ta fita ta ja ƙofar ta rufe, ta jingina bayanta da ita.

"Ba za ka shiga yanzu ba. Akwai majiyyaci a ciki."

"An ce min kujerar ta mutu. Wa ake dubawa a kan matacciyar kujera?"

"Ka dawo da rana."

Ya ajiye akwatin kayan aikinsa a ƙasa. Ya rame, ta lura, har gemun da ba ya bari ya taru. "Ganina ne ba kya son yi, ki faɗa kawai. Kin san Umma ta ce a ƙarshen watan nan za a je gidan su mai turare? Na ce ban yarda ba, ta yi kuka. Ban taɓa sa Ummana kuka ba sai a kanki. Ni kuma na roƙe ki kalma ɗaya tak in san abin da nake yaƙi da shi, kin hana ni."

Hawaye suka zubo mata suka jiƙa takunkumin. "Ka saurare ni da kyau, don ba zan sake faɗa ba. Duk wanda ya hau kujerar can ya buɗe min bakinsa, abin da yake ɓoye wa duniya ya nuna min. Wani tsoro yake ji, wani kunya. Ba don na fi kowa suke nuna min ba, don sun yarda abin zai tsaya a ɗakin ne. In na buɗe maka na mutum ɗaya yau saboda ina sonka, gobe me zai hana in buɗe naka saboda na ji haushinka? Ina sonka har ban san yadda zan yi da raina ba. Amma in sai na ci amanar wani zan same ka, to ka je, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Maganarki ta ƙarshe kenan?"

"Ita ce. Kuma Ummarka uwa ce, kar ka sake sa ta kuka a kaina."

Ya ɗauki akwatinsa ya juya. Sai da ta ji tashin babur ɗinsa ta koma ciki.

Umma na zaune inda ta bar ta, amma hannuwan sun sauka daga bakin. Karo na farko kenan da ta bar giɓin a buɗe ba don ana aiki a kansa ba. Da ta yi magana kalmomin suna fita da iska, ba ta damu ba.

"Da kin buɗe ƙofar nan ai da kin gama da ni, kin kuma samu miji."

"Hajiya, ba haka ake samun miji ba."

"Tun yaran suna ƙanana na zame a banɗaki," in ji Umma. "Abbansu ya yi doguwar tafiyar aiki, kafin ya dawo an yi min waɗannan. Mutumin da kullum yake yabon wushiryata, ta yaya zan ce masa ta roba ce? Da na gan ki a falona sai na ce shi kenan, surukar da ta ga bakina a haka da wane ido za ta dube ni? Ranar da muka saɓa, ko ranar da hira ta yi daɗi da mijinta, ai na zama abin dariya."

Ta durƙusa a gabanta. "Abin da na gani a ɗakin nan ba ya bina waje. A nan ke majiyyaciya ce. A gida, in kin yarda, ke uwa ce."

Umma ta kama fuskarta da hannu biyu, ta sauke mata takunkumin da ya jiƙe, ta share mata hawaye da gefen mayafi. "Daina ce min Hajiya," ta ce. "Kuma ki leƙa min ko Likitan nan ya gama, ba zan yi wa surukata murmushin farko da giɓi ba."

Da la'asar wayarta ta yi ƙara.

"Zumata! Ban san abin da ya faru ba. Umma ta dawo daga unguwa ta ce in ba ke ba ba ta yarda in auri kowa ba. Na tambayi dalili, ta ce ita ta haife ni ba ni na haife ta ba. Ki yafe min maganganun da na faɗa. Na yi ta tunaninsu a hanya, na ji kunya. Ba zan sake tambayarki abin da ba naki ba."

Ta karanta ta sake karantawa, tana dariya tana kuka, sannan ta rubuta: "Na yafe, Injiniyana. Amma kujera na nan a mace, ka zo ka gyara."

Mai shagon turare ta karɓi rediyonta ta rage sintiri, daga baya ma ita ta kawo wa amarya turare, don ba muguwa ba ce, sonsa take yi ita ma.

Aka ɗaura aure wata safiya mai haske, aka taru a babban ɗakin taro da rana. Anti ta ba ango kyautar burushi mai laushi, ta ce in ya ci gaba da dirzar dasashinsa kamar mai wankin tukunya za su sake haɗuwa. Inna ta yi ta gaya wa kowa labarin fanka. Da mai hoto ya ce a yi murmushi, babu wanda ya kai Umma.

"Kin gani ko?" ango ya raɗa wa amaryarsa yana nuna mata hoton. "Ki riƙa ba majiyyatanki misali da Umma."

"Masha Allah," ta ce, ba ta yarda ta dubi inda Umma take ba don kar dariya ta ƙwace mata.

Ana shirin tafiya Abba ya yafito ta gefe. Ta durƙusa, ya sunkuyo ya rage murya.

"'Yata, na gode da kika rufa mana asiri. Akwai wani kofi da ke ɓoye a bayan kwalaben turarenta, inda haƙoran nan suke kwana. Shekara da shekaru nake minsharin ƙarya don ta samu ta kai gare shi hankali kwance. Ita tana zaton wushirya na aura."

Ta ji idonta ya ciko, amma ta daidaita fuska. "Abba, ban gane maganar da kake yi ba."

Tsohon ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. "Madalla. Ni ma ban faɗi komai ba."

Ya kira ɗansa, ya kira Umma, ya haɗa hannun ango da na amarya a cikin nasa. "Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya rufa muku asiri kamar yadda kuke rufa wa mutane."

"Amin," in ji Umma da ƙarfi, ta dubi mijinta ta sakar masa wushiryar nan, shi kuma ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara gani.